Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin No Labels: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Malama Nancy Jacobson da sauran shugabannin ƙungiyar No Labels a Washington, wadda ta so tsayar da ɗan takarar shugaban Amurka a wajen manyan jam'iyyu biyu a zaɓen 2024, da duk wanda ke da niyyar sake ɗauko wannan aiki kafin zaɓen 2028.

Masu girma,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Kafin komai, muna yi muku ta'aziyyar Sanata Joe Lieberman, wanda ya rasu ranar 27 ga Maris 2024 yana tsakiyar wannan aiki tare da ku. Lokaci ya ja, amma a wurinmu gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Mun saɓa da shi a abubuwa da dama, musamman siyasar Gabas ta Tsakiya, sai dai mun shaida cewa har ƙarshen ransa bai daina neman hanyar da 'yan jam'iyyun nan biyu, Dimokurat da Rifablikan, za su zauna a tabarma ɗaya ba.

Ni ɗan Damagaram ne, na haura shekara ashirin a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa. Ina magana ne da yawun wasu magidanta da iyaye mata masu jin Hausa, daga Nijar da Najeriya da Gana, waɗanda suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa kuma suke jefa ƙuri'a a nan. Cikinmu akwai direbobin manyan motoci, da masu aikin dare a ɗakunan ajiyar kaya, da mata masu kula da tsofaffi a gidajensu, da masu kitso, da 'yan ƙananan shaguna. Bayan sallar Juma'a muke zama, wani lokaci kuma a waya. Da Hausa muka yi shawarar, da Hausa muka rubuta, 'ya'yanmu da suka yi makaranta a nan za su juya muku ita zuwa Turanci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da kuka yi ranar 4 ga Afrilu 2024, cewa kun janye daga shirin tsayar da tikitin haɗin gwiwa, wato shugaban ƙasa daga jam'iyya ɗaya, mataimakinsa daga ɗayar. Mun jira har ƙurar zaɓe ta lafa, don kada a ce muna yi wa wani kamfe. Kuma kada ku ɗauke mu 'yan adawa. Da ba mu sa rai ba, da ba mu ɓata lokacinmu muna rubutu ba.

Bari ku ji dalilin sa ranmu. A Janairun 2017 aka sa dokar hana shigowa wadda ta haɗa da Sudan, a Satumbar shekarar aka ƙara Chadi, a farkon 2020 kuma aka rufe wa 'yan Najeriya ƙofar bizar zama. Akwai masu mata da 'ya'ya a gida da takardunsu suka tsaya cak. Wannan daga ɓangaren Rifablikan ke nan. Daga Oktoban 2023 kuwa muna kallon gawarwakin yaran Gaza a wayoyinmu, gwamnatin Dimokurat tana ci gaba da aika makamai. Sai ga shi an sake kawo mana mutum biyun nan na 2020, Trump da Biden, aka ce mu zaɓi ɗaya. Gaba kura, baya sayaki. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Gallup ta yi a 2023, kashi 63 cikin ɗari na Amurkawa sun ce ana bukatar babbar jam'iyya ta uku. A jiharmu, tun 2022 waɗanda ba su yi rajista da kowace jam'iyya ba suka zarce 'yan Dimokurat, suka zarce 'yan Rifablikan. Sau uku a jere, 2016 da 2020 da 2024, mutanen jihar nan suna ba Trump ƙuri'ar shugaban ƙasa, a takarda ɗaya kuma su zaɓi gwamna ɗan Dimokurat. Ashe masu raba ƙafa suna nan da yawa. Shi ya sa da hukumar zaɓen jihar ta amince da ku a matsayin jam'iyya a Agustan 2023, ga tsohon gwamnanmu Pat McCrory da Dakta Benjamin Chavis, shi ma ɗan jihar nan, cikin jagororinku, sai muka ce wataƙila wannan karon abin zai yiwu.

Kukanmu na farko shi ne kun share hanya ba ku tanadi matafiyi ba, kuma wannan shi ne karo na uku da ake yin haka a gaban idonmu.

A 2006 wasu tsofaffin mashawartan siyasa, Hamilton Jordan da Gerald Rafshoon na zamanin Shugaba Carter da Doug Bailey na ɓangaren Rifablikan, suka kafa ƙungiyar Unity08. Alkawarinsu shi ne jama'a za su zaɓi tikitin haɗin gwiwa ta intanet. A Janairun 2008 suka naɗe tabarma, biyu daga cikinsu suka koma roƙon magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, ya fito takara, shi kuma bai fito ba. Sai ƙungiyar Americans Elect a 2012. An kashe kimanin dala miliyan 35, an samu shiga takardar ƙuri'a a jihohi 29, an kafa ƙa'idar cewa ɗan takara sai ya ɗauko mataimaki daga wata jam'iyyar. Da watan Mayu ya zo, wanda ke kan gaba, tsohon gwamnan Louisiana Buddy Roemer, bai tara ko goyon bayan mutum 10,000 da aka gindaya ba. Aka rufe shago. Ku kuma kuka zo da shirin dala miliyan 70, kuka samu gurbi a jihohi 21, sannan kuka shiga ƙwanƙwasa ƙofofin manyan 'yan siyasa kuna neman ɗan takara. Larry Hogan ya tafi neman kujerar sanata. Joe Manchin ya ce ba zai yi ba. Nikki Haley ta ce ita 'yar Rifablikan ce. Chris Christie ya duba ya ja da baya. Ana saura wata bakwai zaɓe kuna neman wanda zai riƙe tuta.

Ba mu ga laifin waɗannan mutane ba. Ɗan siyasar da ya san kan sana'arsa, kafin ya bar gidansa sai ya leƙa ya ga abin da ke ƙarƙashin sabon ginin. Wa zai tsaya masa a rumfar zaɓe? Wa zai bi gida gida a gundumomin Guilford da Mecklenburg da Wake? Ina kansilolinsa, ina 'yan majalisar jiharsa, ina wanda zai ɗebo tsofaffi a mota ranar zaɓe? Suka leƙa suka ga layi ɗaya a takardar ƙuri'a da asusun banki, babu mutane. Kowa ya san abin da zai biyo baya: ya faɗi zaɓe, jam'iyyarsa ta yafe shi har abada, ku kuma ku koma ofis. Sakamakon a kanmu ya sauka, domin yanzu duk wanda ya ɗauko zancen hanya ta uku a majalisarmu, sai a lissafa masa 2008 da 2012 da 2024, ya yi shiru.

Na biyu, maganar kuɗi. An yi muku rajista a rukunin ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su gudummawa ba, kuma kun zaɓi kada ku bayyana, kamar yadda Americans Elect ta yi kafin ku. Hujjarku ita ce kare masu bayarwa daga tsangwama. Mun ji, kuma mun san tsangwamar gaskiya ce. To amma ku saurari yadda abin yake sauka a kunnen talaka. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon direban tasi, wanda shekarunsa suka kai a yi shiru idan yana magana. Ranar da na kawo zancenku a majalisa, na yi bayani na kusan rabin awa, yana ta jan carbinsa. Da na gama sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, kuɗin wa?" Na ce ba su faɗa ba. Ya ce, "To kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ka je ka tambayo mana kuturun." Ba wanda ya ƙara cewa uffan. Dattijon nan bai taɓa karanta dokar kuɗin kamfe ba, amma tambayarsa ita ce dai wadda manyan jaridu suka yi ta yi muku. Rashin amsarta ne ya ba abokan hamayyarku damar cewa ku 'yan kwangilar wani ɓangare ne, ko da kuwa zargin ƙarya ne. Jam'iyyun da kuke kuka da su, duk wanda ya ba ɗan takararsu sama da dala 200 sunansa yana rubuce inda kowa zai gani. Ba zai yiwu mai neman gyara ya fi su ɓoye hannu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mana zafi, kuma a nan za mu daɗe. Kun ce tafiyar ta jama'a ce, amma ba ku ba jama'a wuƙa da nama ba. Kun yi alkawarin babban taro a Dallas a watan Afrilun 2024, kuka soke shi kuka mayar ta kwamfuta. Ranar 8 ga Maris wakilai kimanin 800 suka amince a ci gaba, ba tare da an gabatar musu da sunan kowa ba. Daga nan aka miƙa tantance 'yan takara ga kwamitin mutum 12. Mutum ya sa hannu, ya sauya rajista, amma bai san wa zai zaɓa ba, kuma ba shi da ta cewa kan wanda za a kawo. Mu wannan cinikin biri a sama muke ce masa. A jihar Maine har sai da sakatariyar jihar, Shenna Bellows, ta rubuto muku a watan Mayun 2023 cewa akwai masu zaɓe da suka ɗauka takardar koke suke sa wa hannu, ashe jam'iyya suke sauyawa. Kun musanta cewa da gangan ne, ba kuma za mu ɗora muku abin da ba mu gani ba. Sai dai a jihar da sauya jam'iyya ke shafar zaɓen fid da gwanin da mutum zai shiga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na Arizona ya fi ɗaure mana kai. Dubban mutane sun yi rajista da sunanku. Wasu daga cikinsu suka ce to, tunda yanzu muna da jam'iyya, bari mu nemi ƙananan kujeru a ƙarƙashinta. Sai kuka kai sakataren jihar, Adrian Fontes, kotu don a hana su, kuma a Janairun 2024 alƙalin tarayya ya ba ku gaskiya. Wato ga tsiro ya fito da kansa, ku da hannunku kuka tsige shi, saboda ku bishiya guda kuke so, ita ma a Fadar White House.

Ina da abin faɗa a kan wannan daga abin da na taɓa da hannuna. Wasu shekaru baya, wata baiwar Allah a yankinmu ta nemi wata ƙaramar kujera ba tare da jam'iyya ba. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta koyar da 'ya'yan wasunmu. Doka ta ce sai ta tara sa hannun masu zaɓe kafin a buga sunanta. Muka raba takardun. Ni aka ba ni bakin wani shagon kayan abincin Afirka, ranakun Asabar, cikin sanyin Fabrairu. Ina riƙe da allo da biro, yatsuna sun ƙage, sai na hura musu iska kafin na iya nuna wa mutum layin da zai cika. Mace ta fito da buhun shinkafa da galan ɗin manja, yara biyu suna jan zaninta, sai ka roƙe ta ta ajiye ta rubuta adireshi. Wani ya ce shi bai sa hannu a takardar da bai sani ba, tun daga gida aka gargaɗe shi. Wani ya tsaya minti ashirin yana tambayarka wace ce matar, me za ta yi kan motar makaranta da ba ta shiga unguwarsu. Da aka kai takardun wurin tantancewa, aka soke sunaye da yawa. Wani ya tashi daga gidan haya bai sauya adireshi ba. Wani a rajista Mahamadou ne, a takardarmu ya rubuta Mohammed. Muka sake fita, wannan karon kowa sai ya ciro lasisin tuƙinsa mun kwafa harafi da harafi. Sunanta ya hau takardar ƙuri'a. Ta faɗi zaɓen. Amma littafin da muka rubuta lambobin wayar mutane yana nan a gidana, cikin leda, a saman kabad. Da shi muka tara iyaye lokacin da aka so sauya wa yaranmu makaranta, da shi muke tuna wa mutane ranar fara zaɓen wuri. Matar nan ba ta kashe abin da ya kai kuɗin tsohuwar mota ba, ta bar mana wannan. Muna tambaya da girmamawa: miliyoyin nan da aka tara, me suka bari a Greensboro?

Mun san wahalar shiga takardar ƙuri'a, ba mu raina ta ba. A jiharmu a 2024, sabuwar jam'iyya tana bukatar sa hannu kusan 14,000, ɗan takarar shugaban ƙasa mai zaman kansa kuwa sama da 83,000. Kowace jiha da nata sharaɗin, kuma manyan jam'iyyun biyu ne suka rubuta dokokin, su ne ke da lauyoyin bin layi layi suna neman kuskure. Saboda tsadar wannan gurbi ne ma ya sa barinsa fayau yake da ciwo.

Na huɗu, lissafi. Ba ku taɓa ba mu amsar da za mu iya maimaitawa a gaban mutane ba. Shugabancin ƙasar nan da wakilan zaɓe 270 daga cikin 538 ake cin sa, kuma ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Ɗan takara mai zaman kansa Ross Perot ya samu ƙuri'a sama da miliyan 19 a 1992, kusan kashi 19 cikin ɗari, bai samu wakili ko ɗaya ba. Rabon da wani na waje da jam'iyyun biyu ya ci jiha tun George Wallace a 1968. A gefe guda kuma, ƙuri'a 537 ce ta raba gardama a Florida a 2000, alhali Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya ɗauki sama da 97,000 a can. A nan jiharmu Obama ya ci 2008 da ratar kusan 14,000. Don haka idan matar da ke aikin dare ta tambaye ni, "Malam, in na ba su ƙuri'ata, ba wanda na fi tsoro nake taimaka wa ba?", tambayarta tana kan hanya. Kun ce ba za ku tsaya ba sai kun ga hanyar nasara, kuma kun cika wannan alkawari, mun yaba. Amma "ku yarda da mu" ba amsa ba ce ga mai ƙuri'a ɗaya tak.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Da tikitinku ya ci jiha biyu ko uku har aka rasa mai 270, zaɓen zai koma Majalisar Wakilai, inda kowace jiha ke da ƙuri'a ɗaya, Wyoming daidai da Kaliforniya. Rabon da a yi haka tun zaɓen 1824. A ƙasar da ta ga abin da ya faru ranar 6 ga Janairu 2021, da magoya bayan Trump suka afka wa ginin majalisar dokoki, wannan wasa da wuta ne kusa da rumbu.

Mu da muka taso a Nijar mun san wani magani, domin da shi muka fara zaɓe: zagaye na biyu. Zagayen farko ka zaɓi wanda ranka ke so, na biyu ka zaɓi wanda za ka iya zama da shi. Ba baƙon abu ba ne a nan, jihar Jojiya tana yin sa a zaɓen sanata. Maine da Alaska kuma suna da zaɓen jeri, inda mai zaɓe zai jera 'yan takara na ɗaya, na biyu, na uku, in na farkonsa ya zo ƙarshe ƙuri'arsa ta koma kan na biyu. Gaskiya ne a Nuwamban 2024 masu zaɓe sun ƙi irin wannan sauyi a Nevada da Colorado da Idaho da Oregon, a Alaska ma da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ya tsira. Wannan yana nuna yawan aikin wayar da kai da ya rage, kuma a nan ya kamata kuɗi da sunan ƙungiya irin taku su yi amfani.

Na biyar, haɗa mutum biyu ba shi ne haɗa manufa ba. Ƙasar nan ta taɓa gwadawa. A 1864 Abraham Lincoln ɗan Rifablikan ya ɗauki Andrew Johnson ɗan Dimokurat, suka ci zaɓe. Mako shida da rantsuwa aka harbe Lincoln. Johnson ya hau, ya ƙi sa hannu a dokar 'yancin baƙar fata ta 1866 har sai da majalisa ta tsallake shi, a 1868 kuma da ƙuri'a ɗaya ya tsira daga tsigewa. Baƙaƙen fatar kudancin ƙasar nan, maƙwabtanmu, kakanninsu ne suka biya wannan farashi. Mataimakin shugaban ƙasa numfashi ɗaya ne tsakaninsa da kujerar, don haka dole a san abin da su biyun suka rattaba wa hannu.

Ni ma na ga irinsa da idona. A 1993 ina saurayi a Damagaram lokacin da jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗu suka ba Mahamane Ousmane nasara a zagaye na biyu a kan Tandja Mamadou. Mun kwana a titi muna murna. Abin da ya haɗa su shi ne kada jam'iyyar MNSD ta ci, ba su zauna sun yanke yadda za a yi mulki ba. Satumbar 1994 Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, ƙawancen ya watse, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da sabon firaminista Hama Amadou, ranar 27 ga Janairu 1996 sojoji suka karɓe. Ba mu ce Amurka Nijar ce ba. Muna cewa ne ƙin mutum biyu bai isa ya riƙe gwamnati shekara huɗu ba. Mun karanta ɗan littafin manufofi 30 da kuka ƙaddamar a New Hampshire a Yulin 2023, kuma mun ji daɗin ganin kun nemi a ba yaran da aka shigo da su ƙasar nan suna ƙanana hanyar zama 'yan ƙasa. Amma a wurare da yawa kun tsaya a bakin ruwa. Direban da ke biyan inshorar lafiya daga aljihunsa yana son ya ji lamba.

Ba mu manta da alherinku ba. Rukunin 'yan majalisar nan na sasanci da kuka taimaka aka kafa a 2017, rabi Dimokurat rabi Rifablikan, ya taka rawa wajen dokar gyaran hanyoyi da gadoji ta 2021. Kuma tikitin haɗin gwiwa ya taɓa ci a ƙasar nan, a ƙasa-ƙasa. A Alaska a 2014, Bill Walker ya bar Rifablikan, ɗan takarar Dimokurat Byron Mallott ya haƙura ya zama mataimakinsa, suka kayar da gwamna mai ci. Tafiyar ba ta ƙare da daɗi ba a 2018, amma sun yi mulki, sun faɗaɗa inshorar lafiyar marasa ƙarfi. A Michigan kuwa, cikin 'yan makonni da kuɗi kaɗan, matasa da masallatai da ƙungiyoyin unguwa suka sa mutum sama da 100,000 suka jefa ƙuri'ar "ba mu tsayar da kowa ba" a zaɓen fid da gwanin Dimokurat na Fabrairun 2024, don nuna fushi kan yaƙin Gaza. Kuma a garin nan namu, a titin Elm, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a kantar cin abinci ta Woolworth, wadda aka keɓe wa turawa, suka ƙi tashi. Washegari suka dawo da ƙarin mutane. Kafin ƙarshen Yuli an buɗe kantar ga kowa. Muna kai 'ya'yanmu su ga kujerun.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku buga sunayen manyan masu ba ku kuɗi, da adadin abin da aka tara don shirin 2024, da inda ya tafi. Wanda ba zai bayar ba sai a ɓoye, ku mayar masa da abinsa. Wannan shi ne sharaɗin da dattijonmu ya gindaya kafin ya sake sauraron zancen, mu ma a kansa muke.

Duk jihar da kuke da gurbi, ko za ku sake nema, ku sakar wa mutanen jihar. Su tsayar da kansila, da ɗan hukumar makarantu, da ɗan majalisar jiha. Kada ku sake kai mambobinku kotu don sun nemi yin takara. Ku zaɓi jihohi biyu ko uku ku gwada tikitin haɗin gwiwa a kujerar gwamna, a ga kamun ludayinsa, kafin a sake ambaton shugaban ƙasa.

In kuwa har za ku sake neman shugabancin, to ɗan takara da mataimakinsa su fito da fuskarsu aƙalla shekara guda kafin zaɓe, da yarjejeniya rubutacciya kan shige da fice, da lafiya, da haraji, da yaƙi, wadda za ta ɗaure mataimaki ko da shi ya gaji kujerar. Mambobi su zaɓe su da ƙuri'a, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Ku faɗa tun da wuri, a rubuce, ranar da za ku janye in lissafi bai fita ba, da abin da wakilanku za su yi in aka rasa mai 270. Ku kuma sa ƙarfinku a yaƙin zagaye na biyu ko zaɓen jeri, da sassauta sharaɗin samun kashi 15 cikin ɗari a ƙuri'un jin ra'ayi da ke hana na uku hawa dandalin muhawara.

Na ƙarshe, ku zo ku same mu. Ba mu kaɗai ba, har da cocin baƙar fata da ke tsallaken titinmu, da 'yan Meziko masu aikin gini, da turawan karkara da masaƙunsu suka rufe. Ku turo mutum, ba takarda ba. Muna zama kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, akwai shayi, akwai mai fassara. Zan sauko da littafin nan daga saman kabad in nuna masa, dattijonmu kuma zai maimaita masa tambayarsa.

Mun gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan Damagaram mazaunin Greensboro, a madadin 'yan majalisarmu ta bayan Juma'a